Hayar Shagon Abinci da Neman Lasin: Jawabi ga Hakimai, Dagatai da Malamansu

Achika ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Wudil, a Jihar Kano. Yawancin mutanenta manoma ne, amma da ya ke ƙasar Wudil ce, da dama daga cikinsu su kan haɗa noma da wata sana'a. Garin Wudil yana bakin kogi, kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, a kan babbar hanyar da ta nufi Maiduguri. Kowace Juma'a kasuwarsa ta kan ci, fatake su kawo shanu daga nesa, masu saye su zo har daga Kudu. Cikin 2001 aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a garin, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote cikin 2022. Ga kuma makarantar horad da manyan 'yan sanda. Duk inda baƙi suka taru haka, tilas a ci abinci, don haka sayad da tuwo da shinkafa da waina ya zama babbar hanyar neman halali ga maza da mata na wannan ƙasa.

Sai dai akwai wata asara da ta ke samun masu shiga wannan sana'a tun ba su ɗora tukunya ba. Mutum ya sayad da amfanin gonarsa, ko mace ta sayad da awakinta, a kama shago a bakin hanya, a biya kuɗin shekara, a yi murhu, a sayi benci da kwanuka. Sa'an nan duba-gari ya zo ya ce wurin bai dace da sayad da abinci ba, ko don masai yana jikin madafa, ko don ba inda ruwan wanke-wanke zai bi. Mai shago ya ce shi ya riga ya ci kuɗinsa. Daga nan sai ƙara ta taho zauren dagaci, ta wuce ƙofar hakimi.

Maganin wannan yana cikin bin abubuwa daki-daki. Da fari a kira duba-gari ya ga wurin. Na biyu a rubuta takardar haya. Na uku a karɓi lasin, kana a hura wuta. Yawancin rigimar da a ke yi ta samo asali ne daga fara biyan kuɗi kafin a duba wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

IKON BA DA LASIN

A zamanin En'e, sha'anin kasuwa da tsabtar gari yana hannun hukumar Sarki. Tun da aka kafa Dokar Lafiyar Jama'a ta 1917 aka san duba-gari, mai shiga gida-gida yana leƙa randa da masai. Gyaran da aka yi cikin 1976 ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa duka, waɗannan ayyuka kuwa suka koma hannunsu. Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya jera ayyukan Ƙaramar Hukuma. A ciki akwai kula da shaguna da rumfuna, da gidajen abinci, da gidajen burodi, da duk wurin da a ke sayad wa jama'a abin ci. Akwai kuma kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da kwashe shara, da allunan talla. Ashe ke nan mutumin Achika da ya ke son buɗe gidan abinci, sakatariyar Ƙaramar Hukumar Wudil zai nufa, ya nemi sashen lafiya inda duba-gari su ke, da sashen kuɗin shiga inda a ke biya a karɓi rasit.

Cikin 1998 aka yi wata doka wadda ta rarraba haraji tsakanin Gwamnatin Tarayya da jiha da Ƙaramar Hukuma. Ta ba Ƙaramar Hukuma kuɗin shago da rumfa, da kuɗin mayanka, da kuɗin allon talla. Ta ba jiha kuɗin rajistar wurin kasuwanci. Ta kuma hana wanda ba hukumar haraji ba ya karɓi ko kwabo da sunan Gwamnati. Adadin kuɗin ya kan canja daga lokaci zuwa lokaci, don haka ya kamata malamin hakimi ya karɓo jerin na shekarar da a ke ciki daga sakatariya, ya manna shi inda kowa zai gani.

Akwai hukumomi biyu na Tarayya da ya kamata a san iyakarsu. Ta fari ita ce Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, wadda aka kafa cikin 1990. Bisa dokar kamfanoni ta 2020, wanda ya ke sana'a da sunansa na yanka da na mahaifinsa kaɗai ba a tilasta masa rajista ba. Amma wanda ya laƙaba wa gidan abincinsa wani suna dabam, dokar ta ba shi kwana 28 daga ranar da ya fara ya yi rajistar sunan. Ta biyu ita ce NAFDAC, wadda aka kafa cikin 1993 don kula da abinci da magunguna. Tuwon da aka tuƙa aka ci a wurin, na duba-gari ne. Amma ruwan leda, da man girki na gwangwani, da garin lemo, da duk abin da aka ƙunsa aka liƙa masa suna don kai wa kasuwa, sai da lambarta.

Game da giya kuwa, Jihar Kano ta ƙaddamad da Shari'ar Musulunci cikin 2000, ta kafa Hukumar Hisba da doka cikin 2003, sayad da giya haramun ne a dokar jiha. Kada wani ya ɗauka lasin abinci ya ba shi hanyar wani abu bayan abinci.

ABIN DA DUBA-GARI ZAI DUBA

Waɗansu talakawa suna ganin zuwan duba-gari neman laifi ne kawai. Wajibi ne a fahimtad da su cewa kowane sharaɗi da ya ke kafawa akwai cutar da a ke gudu a bayansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2015 cewa kowace shekara mutum miliyan 600 su ke kamuwa da ciwo ta hanyar gurɓataccen abinci, 420,000 kuwa su rasu. A Afirka kaɗai masu rasuwa sun kai 137,000. Matar da ta ke girki don gidanta, in ta yi sakaci mutum goma za su kwanta. Mai gidan abinci a ranar kasuwa kuwa, in ya yi sakaci, ciwon sai ya bi motoci ya shiga garuruwa da yawa kafin gari ya waye.

Abu na fari shi ne ruwa. Duba-gari zai tambayi inda a ke samo shi, ko famfo, ko rijiyar burtsatse, ko 'yan ga-ruwa, zai kuma leƙa randa ya ga ko tana da murfi da moɗa tata ta kanta. Masana sun yi gargaɗi kada masai na rami ya kusanci rijiya ƙasa da mita 30, don ƙazanta ta kan tsuma ta ƙarƙashin ƙasa, balle inda ƙasa ta ke da yashi, ruwa kuma yana kusa, kamar yadda a ke samu a bakin kogi. Cikin 2021 annobar amai da gudawa, watau kwalara, ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka riga mu gidan gaskiya, Kano kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsananta. Ta ruwa da abinci cutar ta ke yaɗuwa.

Na biyu shi ne masai da magudana da juji. Masai ya kasance yana da murfi da ƙofa, kada ya buɗe ta cikin madafa, a ajiye buta da sabulu a bakinsa. Ruwan wanke-wanke ya bi lambatu ko ya faɗa rami rufaffe, kada ya kwanta a ƙofar shago. Shara kuwa a tara ta cikin abu mai murfi a kwashe kullum. Ƙudan da ya tashi daga masai ba ya neman izini kafin ya sauka a kan waina.

Na uku shi ne ɗakin ajiya. Buhunan shinkafa da gero da gari a ɗora su a kan katako, a toshe ramuka, a rufe kwano. Dalili shi ne zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa cikin 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, yana fitowa ne daga fitsari da kashin wani irin ɓera mai shiga gidaje. Shagon da ya ke jikin sito na hatsi ko kusa da juji, sai an yi masa gyara sosai kafin ya dace.

Na huɗu shi ne nama da kayan haɗi. Nama ya fito daga mayankar hukuma, inda malamin dabbobi ya duba shi, Sarkin Pawa kuma ya san wanda ya yanka. Kayan haɗi kuwa a sayo su daga inda aka sani. Cikin watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano, waɗansu suka rasu, bayan sun sha abin sha da aka haɗa da garin lemo wanda ya lalace da wani sinadari da aka sayar musu da sunan ɗan tsami. Mai haɗa zoɓo ko kunun aya ya riƙe wannan a zuciya duk lokacin da aka tallata masa kaya mai araha ba lamba.

Na biyar shi ne lafiyar masu girki da masu raba abinci. A kan bukaci su je asibiti a gwada su, a ba su takardar shaida, a kuma sake gwajin lokaci-lokaci, galibi bayan wata shida. Wani zai ce shi lafiyarsa ƙalau, me za a gwada? Amsa ita ce mutum yana iya ɗauke da cuta bai sani ba. A birnin Niyu Yok na Amurka, cikin 1907, aka gano wata kuku mai suna Mary Mallon tana ɗauke da ƙwayar zazzaɓin taifot. Ita ba ta kwanta ba, amma gidajen da ta yi wa girki sai a yi ta kwanciya, har waɗansu suka mutu. Mai gudawa, ko tari mai tsanani, ko gyambo a hannu, ya huta har ya warke.

Akwai kuma ƙa'idar ajiye dafaffen abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada ya wuce awa 2 a ajiye ba bisa wuta ba, ba kuma cikin firiji ba. Miyar da ta kwana sai an tafasa ta sosai.

Na ƙarshe shi ne wuta. Murhu ya nisanci rufin ciyawa da mai sayad da fetur a galan, hayaƙi ya sami mafita, tukunyar gas ta zauna inda iska ta ke shiga, a ajiye bokitin yashi ko abin kashe gobara. Wanda ya ga abin da gobara ta yi wa kasuwar Sabon Gari ta Kano cikin Maris na 2016 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Duk waɗannan, in an lura, rabinsu na gini ne. Mai haya ba shi da ikon ɗauke masai daga inda mai shago ya haƙa shi. Shi ya sa a ke cewa duba-gari ya riga kuɗi shiga shago.

TAKARDAR HAYA

Rubuta ma'amala ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Littattafan fiƙihun Malikiyya da alƙalai da malaman zaure su ke karantawa, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun sharɗanta a ambaci wa'adi da adadin lada a haya. Sun kuma nuna cewa hayar gida ba ta warwarewa don mai haya ya rasu. Dokar boko ma nan ta tsaya. A shari'ar bankin UBA da kamfanin Tejumola, wadda Kotun Ƙoli ta yanke cikin 1988, mai gini a Legas ya yi gyare-gyare don bankin ya shiga, bankin ya janye, kotu ta ce ba a ƙulla haya ba, domin ba a tsai da ranar da za ta fara ba. In babban kamfani mai lauyoyi ya yi asara don rashin kwanan wata, ina ga mai tuwo-tuwo da ta dogara da alkawarin baki?

Ga abubuwan da malami zai tabbata sun shiga takarda:

1. Cikakken sunan mai shago da na mai haya, da unguwar kowa. In shagon na gado ne, a rubuta wanda magada suka wakilta, su sa hannu.

2. Siffar shagon da iyakarsa ta gabas da yamma, kudu da arewa, da ko filin ƙofa da masai da rijiya suna ciki.

3. Ranar da haya za ta fara da ranar da za ta ƙare.

4. Adadin kuɗi, da lamba da kuma haruffa, da lokacin biya, da abin da aka bayar kafin alƙalami, da wanda zai biya la'adar dillali.

5. Cewa an ba da shagon ne don dafa abinci da sayarwa. In ba a rubuta wannan ba, gobe mai shago yana iya cewa shi bai yarda da hayaƙi ba.

6. Wanda zai yi gyaran da duba-gari ya nema. Gyaran rufi da bango da masai bisa al'ada na mai shago ne, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. In mai haya ne zai yi da kuɗinsa, a rubuta ko za a cire masa daga haya, da kuma makomar abin da ya gina ranar da zai tashi.

7. Wanda zai biya kuɗin wuta, da na ruwa, da na shara, da harajin gini.

8. Cewa in hukuma ta hana lasin saboda aibin ginin, za a mayar wa mai haya kuɗinsa. Wannan sharaɗi shi ne ya fi kowane tsare dukiyar talaka.

9. Ko mai haya yana da ikon saka wani a madadinsa, da tsawon notis ɗin tashi, da yadda za a yi ƙarin kuɗi.

A yi takardar biyu, kowa ya riƙe ɗaya, shaidu biyu adilai su sa hannu. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa da Hausa a gaban shaidu, a rubuta a ƙasa cewa an karanta masa ya gane, kana ya dangwala.

In ba a rubuta tsawon notis ba, ƙa'idar da kotuna suka saba bi ita ce mako guda ga mai biyan mako, wata guda ga mai biyan wata, wata 3 ga mai biyan wata uku-uku, wata 6 ga mai biyan shekara. Bayan wannan ya cika sai a ƙara notis na kwana 7, kana a je kotu. Mai shago ba shi da ikon kwance rufi, ko garƙame ƙofa, ko watsa tukwanen mai haya waje. Kotu kaɗai ke fitad da mutum.

Saura batun ƙasar da shagon ya ke kai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna. A wuraren da aka ayyana birni ne, Gwamna ke ba da takardar mallaka. A karkara kuwa Ƙaramar Hukuma ke ba da izinin zama na gargajiya. Sayarwa, ko jingina, ko doguwar haya suna bukatar yardar wanda ya ba da iznin. Cikin 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba da yardar Gwamna ba. Saboda haka hayar da za ta wuce shekara 3, ko wadda mai haya zai yi gini a fili, a tura masu ita wurin lauya da ofishin ƙasa. A kuma binciki ko shagon bai shiga hurumin babbar hanya ba, gama ranar da za a faɗaɗa titi ba a tambayar wanda ya biya haya. Rumfar kasuwa kuwa ta hukuma ce, wanda aka ba shi ba ya hayar da ita sai da sanin ofishin kasuwa.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Hakimi ba ya ba da lasin, ba ya yanke kuɗinsa, ba ya kuma karɓarsa. Amma shi da dagatai da masu unguwanni su ne suka san wane ne mai wane fili, wane gida ne a ke rigimar gadonsa, wane kwari ne ruwa ya ke kwanciya da damina. Talaka kuwa ya fi sakin jiki a zauren dagaci bisa ofis. Wannan sani da wannan amana su ne abin da a ke bukata daga gare su.

Ya kamata malami ya buɗe littafi na musamman. Duk hayar da aka kawo a shaida, ya rubuta ranar, da sunayen masu ita da shaidu, da wurin, da wa'adi, da kuɗi, da lambar rasit ɗin lasin in an karɓa. Kafin ya ɗauki alƙalami ya fara tambaya ko duba-gari ya ga wurin. In bai gani ba, a jinkirta biyan kuɗi har ya gani. In wa'adin lasin ya kusa cika, mai unguwa ya tuna wa mai shi.

A yi wa jama'a shela a masallatai da ranar kasuwa cewa kuɗin hukuma ba ya tafiya sai da rasit mai lamba da hatimi. Duk wanda ya zo da sunan hukuma ya nemi na goro don ya kau da kai daga wani aibi, a kai maganarsa gaban hakimi, hakimi ya sanad da shugaban Ƙaramar Hukuma a rubuce. Lasin da aka saya da toshiya ba ya kashe ƙwayar kwalara.

A sa ido musamman a kan mata, domin su ne suka fi yawa a wannan sana'a, da yawansu kuwa zawarawa ne masu riƙon marayu, jarinsu bai wuce kuɗin adashi ba. Sau da yawa wakili su ke turawa, takarda ta fito da sunan wakilin. Malami ya tabbata sunan mai kuɗin ne a takardar haya da lasin duka.

In saɓani ya taso, hakimi ya kira su biyu da takardunsu ya yi sulhu, gama sulhu alheri ne. In ya faskara ya tura su kotu, kada ya bari a kai ga ɗaukar doka a hannu. Ana roƙon hakimai su tara dagatansu da masu unguwanni su karanta musu wannan bayani, su kuma su isad da shi ga dillalai da masu shaguna da masu niyyar kama haya, tun kaka ba ta yi ba, lokacin da kuɗi ke shiga hannun manoma.

Allah ya ba da lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a cikin nema.